Sabon Kan Sarewar Zuleide

Motar ba ta gama tsayawa ba Zuleide ta buɗe ƙofa, ƙafarta ɗaya har ta taɓa kwalta.

"Ke! So kike a ƙwace mini lasin?" Nivaldo ya taka birki da ƙarfi. "Bari in tsaya mana. Sarewar ba guduwa za ta yi ba."

"Ai kai ka makarar da mu. Sai da ka tsaya ɗaukar fasinja."

"Tsohuwa da kaya niƙi-niƙi a tsakiyar rana, in wuce ta? Tasi nake ja, ba motar ɗaukar gawa ba." Ya leƙa gaba, ya leƙa baya. Titin ƙunci gare shi, irin tsofaffin titunan tsakiyar Rio, kuma tuni mai bas ɗin da ke bayansu ya kwanta a kan oda. "Nan babu wurin ajiye mota. Hau abinki. Zan zagaya in samu inda zan raɓa ta, sannan in jira ki wurin mai ruwan raken can."

Ta rungume akwatin sarewarta ta yi cikin ginin da sauri. A ranta daɗi ta ji da bai biyo ta ba. Mijinta Nivaldo mutumin kirki ne, amma tun da abin ya same ta, duk lokacin da ta kai sarewa baki sai ya kafa wa leɓenta ido da wata fuskar tausayi, kamar mai zaman jinya. Yau ba ta buƙatar wannan fuskar.

Shekara da shekaru ita ce mai sarewar taron kiɗan choro da ake yi kowace Lahadi a dandalin unguwarsu ta Penha. Jita na riƙe ƙasa, bandiri na riƙe tafiya, ita kuwa sarewarta na can sama tana yawo, siririya, mai ƙyalli, ana jiyo ta tun daga tashar jirgin ƙasa. Sai wata safiya a sanyin bara waccan ta tashi wanke baki, ta ga ruwa yana zuba ta gefen dama na bakinta, idonta na dama kuma ya ƙi rufuwa. Likita ya ce shanyewar ɓarin fuska ce, yawanci tana warkewa. Ta kuwa warke. Ta sha gashi, ta hura balan-balan har ta ƙosa, ta yi ta murguɗa baki gaban madubi kamar taɓaɓɓiya. Yanzu in ba dariya ta yi sosai ba, ba wanda zai ce wani abu ya taɓa fuskar. Sarewa ce kaɗai ta ƙi yarda. 'Yar kafar da iska ke fita tsakanin leɓunanta ta gusa hagu kaɗan, ba ta kuma dawo ba. In ta busa, rabin iskar sai ta wuce ta gefe da shuuu, kamar taya ta yi faci.

Seu Teobaldo, mai jita kuma shugaban ƙungiyarsu, ya yi mata haƙuri iya haƙuri. Ya ɗauko wani mai sarewa ya riƙe wurin, yana ta cewa na wucin gadi ne. Amma yanzu an gayyace su wani babban bikin kiɗa a jihar Minas, dole ya tsayar da wanda zai tafi. "Ki zo gwaji ranar Asabar," ya ce mata a waya. "In ta fita, kujerarki ce. In ba ta fita ba, 'yata, ki yafe mini."

Tana haki ta isa bene na biyu. Ba ta kai ga ƙwanƙwasawa ba ƙofar ta buɗe.

"Tun daga ƙasa na ji takunki," in ji Seu Jurandir. "Na ce ko dai gobara ce, ko Zuleide."

Dattijo ne gajere mai furfurar gashin baki, tabarau biyu a jikinsa, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Duk mai busa a birnin ya san shagonsa na ƙera sarewa da gyaranta. Watanni baya ya zaunar da ita a nan, ya sa ta hura iska a kan madubi, ya yi ta kallon inda tururin ke sauka yana gyaɗa kai. Sai shekaranjiya ya bugo: "Na yanka miki kan sarewa guda uku. Zo ki gani ko akwai naki a ciki."

"Ina suke?" ta ce.

"Ba gaisuwa? Ba ina wuni, Seu Jurandir, yaya ƙafar?"

"Ina wuni, yaya ƙafar, ina suke?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗingisa zuwa teburinsa, ya yaye wani koren ƙyalle. Ga su nan a jere. Na farko azurfa zalla. Na biyu azurfa ne shi ma, amma faifan da leɓe ke hawa na zinariya ne, hasken taga yana wasa a kansa. Na uku baƙin katako ne, mai kauri, ba ƙyalli ba ado, kamar guntun taɓarya.

Zuleide ta goge tafin hannunta a siket. Ta buɗe akwati, ta haɗa jikin sarewarta, ta bar tsohon kan a kwance inda yake. Hannunta ya nufi na zinariyar kai tsaye.

"A'a, a'a. Bi layi. Fara da na farko."

Ta zura na azurfar, ta daidaita ramin busa da maɓallai, ta ja numfashi. Sauti ya fito, kuma ya fi na gida, amma iskar na nan tana bin sa a baya kamar kare. Ta juya kan ciki kaɗan, ta juya shi waje. Ta hau sama, muryar ta tsage.

"Cire shi," in ji dattijon. "Dama don in tabbatar na yi shi. Irin yankan tsohon naki ne, na ɗan buɗa shi kawai. Yanzu ɗauki masoyin naki."

Zinariyar ta sauka a ƙasan leɓenta da ɗumi-ɗumi, ba sanyin azurfa. Ramin ƙarami ne, gefensa na gaba mai kaifi. Ta rufe ido ta busa.

Sai ga ta.

Muryar nan ce, ita ce dai, siririya, garau, mai ƙyalli kamar an wanke gilashi. Zuleide ta sauke sarewar ta kalle ta, ta kalli Seu Jurandir, bakinta a buɗe.

"Ka ji? Seu Jurandir, ka ji kuwa?"

"Ni kurma ne? Ci gaba!"

Ta mayar baki. Yatsunta ba su jira umarni ba, suka faɗa cikin waƙar da takan buɗe taro da ita, mai gudu, mai tsalle-tsalle. Ta haura sama, muryar ta bi ta. Ta ƙara haurawa, ta bi ta. Dariya ta taso mata a tsakiyar busa har ta ɓata layi, ta tsaya ta yi dariyar ta ƙoshi, hawaye na bin kumatunta, ta sake kamawa daga farko. Ta taka zuwa taga, wadda ke buɗe a kan titi, ta busa wa motoci da masu talla da tantabaru. Ji take kamar ta leƙa ta ƙwala wa duk garin kira.

"Shi ne! Naɗe mini shi. Kada ma ka naɗe, a haka zan tafi da shi!"

"Ba inda za ki. Taron Lahadi waƙa ɗaya ake yi a tashi? Busa mini ta biyu. Da ta uku."

Ta busa ta biyu lafiya. A tsakiyar ta uku ta ji wani ɗan motsi a kumatun dama, kamar ƙwaro na tafiya ƙarƙashin fata. Ta san shi. Ta ƙara matse leɓe don ta riƙe iskar a kan ɗan ramin, motsin ya zama rawa. Muryar ta fara karkarwa, ta yi siriri, sannan a daidai inda waƙar ke hawa ƙololuwa ta karye da wata ƙara mai ban kunya. Ta sake gwadawa. Iska kawai.

Ta sauke sarewar.

"Gajiya ce," ta ce da sauri. "Na daɗe ban yi doguwar busa ba. In na saba…"

"Mai yiwuwa," in ji Seu Jurandir. Ya zuba mata kofi a ɗan ƙaramin kofi, baƙi ƙirin, sukari har ya yi kauri. "Wannan ramin yana son leɓe ya tsaya cak a tsakiya. Naki ya koma hagu, kina jawo shi da ƙarfin tsiya. Zai iya sabawa, zai iya ƙi. Ni ban san gaibu ba. Sha, ki huta, ki gwada ɗan baƙin."

Ta harari katakon. "Wannan ai na daka tafarnuwa ne."

"Zagi dai ba ya hana shi busuwa."

Ta shanye kofin, ta murza kumatunta har rawar ta lafa. Ta ɗauki na katakon. Bai kai nauyin da ta zata ba. Ramin faffaɗa ne, kuma da ta duba da kyau sai ta ga ba daidai yake ba, gefen hagu ya fi zurfin yanka.

"Ka karkace shi."

"Ke ma ai a karkace kike. Busa."

Ta ɗora shi a leɓe ba da wani ɗoki ba, ta saki iska yadda ta ga damar fita, ba matsi ba jayayya.

Abin da ya fito ya sa ta ja da baya. Murya ce mai kauri, mai duhu, da ɗan dishi-dishi a gefenta, ta cika ɗakin har ƙananan ƙarafan da ke kan teburi suka amsa. Ta ji ta a haƙoranta, ta ji ta a ƙirji. Ta gangara can ƙasa, inda ko kafin ciwon muryarta takan yi rauni, sai ta tarar da wurin a buɗe kamar babban ɗaki. Ta haura sama a tsorace, tana jiran karyewa. Ba ta karye ba. Sai dai saman ba gilashi ba ne yanzu, wani abu ne mai zagaye, mai ɗumi.

"Kai!" ta ce. "Kai, kai, kai!"

Seu Jurandir ya miƙa hannu bayan kabad ya jawo wata tsohuwar jita, ya ɗora ƙafarsa mai ciwo a kan akwati, ya ja igiyoyin ƙasa sau biyu, ya ɗaga mata gira.

Suka shiga. Waƙar da ta karye mata ɗazu ita ta fara ɗauka, don ta rama. Da suka iso ƙololuwar ta haye ta wuce kamar ba komai, dattijon ya yi ihu, "Haka!" Ba su tsaya ba suka zarce wata, daga ita sai wata. Katakon yana da nasa hali. Ba ya son a yi ta tsalle a sama, ya fi son a ja layi a lanƙwasa shi, a ɗan makara a bayan kiɗa sannan a cim masa. Zuleide ta ga yatsunta suna yin abubuwan da ba ta taɓa yi ba, tana jin su tana mamaki kamar wata ce ke busawa. Seu Jurandir ya jefo mata tambaya da jita, ta ba shi amsa daga can ƙasa, ya tuntsire da dariya har tabaran goshinsa ya faɗo.

Matan da ke ɗinki a shagon da ke kallon nasa suka bar kekunansu suka cika bakin ƙofa. Wata mai jiki, tef ɗin awo rataye a wuyanta, ta ɗauki almakashi tana buga shi a kan gwangwanin maɓallai daidai da tafiyar kiɗan. Wata ta kama ƙugu tana juyawa a cikin lungun. Zuleide ta yi ta busa har gumi ya jiƙa bayan rigarta. Sai da suka kai ƙarshen wata doguwar waƙa, matan suna tafi suna shewa, sannan ta tuna da kumatunta. Ta kai hannu ta taɓa. Lafiya lau, ko motsi babu.

"'Yar'uwa, ina kike wasa mu zo?" in ji mai almakashin.

"Penha," Zuleide ta ce tana haki. "Ranar Lahadi." Maganar ta riga ta fita kafin ta tuna cewa ba a ba ta kujerar ba tukuna.

Da matan suka koma bakin aikinsu, ta zauna a kan benci, ta zare katakon, ta ajiye shi kusa da na zinariyar. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta sake ɗaukar na zinariyar ta zura, ta busa layi ɗaya a hankali. Muryar ta fito, kyakkyawa, sananniya, wadda mahaifinta ya ji kafin ya rasu, wadda mutanen dandali ke tambayar Nivaldo yaushe za ta dawo. Kafin ta kai ƙarshen layin ta ji ƙwaron ya motsa.

"Wanne za ka ɗauka in kai ne?" ta ce.

"Ni maƙeri ne, ba alƙali ba. Duka biyun 'ya'yana ne."

"Wancan ya fi sauƙi, na sani. Amma ba muryata ba ce, Seu Jurandir."

"To ta wa ce? Mu biyu ne a ɗakin, ni kuwa rabona da busa tun haƙorana na gaba suna nan."

"Seu Teobaldo tsohuwar Zuleide yake jira."

"Teobaldo mai sarewa yake jira, wadda za ta kai ƙarshen taro a tsaye. Amma ke za ki zauna da abin, ba shi ba, ba ni ba. In kin ɗauki zinariyar ba zan ce kin yi wauta ba. Wata rana leɓen zai iya dawowa."

"Wata rana," ta maimaita.

Ta cire na zinariyar. Ta goge shi da ƙyalle, ciki da waje, a hankali, har sai da ba sauran alamar leɓenta a kai, ta mayar da shi kan koren ƙyallen. Ta ɗauki baƙin ta miƙa masa.

"Yana ɗan lilo a wurin haɗi. Matse mini shi."

Dattijon ya gyara tabarau, ya juya ga teburinsa yana wata 'yar waƙa a maƙogwaro. Ya buɗa bakin ƙarfen da ke gindin katakon kaɗan, ya gwada, ya ƙara, har ya shiga jikin sarewar daram. Ya ba ta 'yar kwalbar mai, ya ce ta riƙa shafa masa, kada ta kuskura ta bar shi a mota cikin rana, in ya tsage kada ta zo masa da kuka. Ta sumbace shi a goshi, ta sauka benen da gudu kamar 'yar makaranta.

Ta hango Nivaldo a wurin mai ruwan rake, zaune a kan doguwar kujera, kofinsa cike bai taɓa ba. Yana ganin idanunta sun yi ja ya miƙe tsaye, fuskar jinyar nan ta sauko masa. Kafin ta buɗe baki ya riƙe kafaɗunta biyu.

"Kada ki ce komai. Na ji duka."

"Ka ji?"

"Tagar a buɗe take. Leide, da kika fara, wallahi tsigar jikina ta tashi. Na ce wa mutumin nan, ka ji matata can, ka ji ta! Shekara ashirin ina jin busarki, ko cikin barci na san ta. Sai kuma na ji ta karye." Ya girgiza kai. "Ba komai. Ta fito sau ɗaya, za ta sake fitowa. Teobaldo ya yi tafiyarsa Minas, ba a kansa aka fara biki ba."

"Nivaldo…"

"Abin da ya ƙona mini rai shi ne wancan ƙaton da ya karɓa bayanki. Wane irin rashin ta-ido ne wannan? Mutum ya ga baiwar Allah tana fama, shi ne zai ɗauki waƙar da ta gagare ta, ita ɗin dai, ya yi ta burga da ita? Saura kaɗan in hau in same shi."

Zuleide ta ciji leɓenta na ƙasa. Ta ƙara ƙanƙame akwatin a ƙirji.

"Ƙato ne?" ta ce.

"Ai daga jin wannan murya kin san ƙirjinsa ya kai ƙofar nan. Ko ba haka ba?"

"Yana da ɗan jiki. Baƙi ne, gajere."

"Na faɗa miki!" Ya juya ga mai ruwan raken. "Ban faɗa maka ba?"

"Ka faɗa," in ji mutumin yana tura rake cikin inji. "Amma fa ya iya. Layin nan duka tsayawa aka yi. Har ɗan sandan can ya manta da motarka."

"Wa ya tambaye ka?" Nivaldo ya daka masa harara, ya ja hannun matarsa. "Zo mu tafi gida. Rabu da su."

Motar na can lungu, rabinta a kan dakalin masu tafiya a ƙasa. Ya buɗe mata ƙofa, abin da rabonsa da yi tun suna saurayi da budurwa. Suka fita babban titi, suka shiga cunkoson masu komawa arewacin gari. Bai kunna rediyo ba, don kada ya fama mata ciwo. Ita kuwa ta juyar da fuska wajen taga, kafaɗunta na rawa don danne dariya, shi ya ɗauka kuka take, ya miƙo hannu yana bubbuga gwiwarta.

Da wuta ta tsayar da su, sai ta ji wani abu ƙasa-ƙasa. Nivaldo ne, yatsunsa na kaɗa sitiyari, yana bin waƙar nan da hanci, yana ja yana lanƙwasawa, yana ɗan makara a bayan kiɗa sannan ya cim masa, daidai yadda ƙaton ya yi. Ya kai tsakiya kafin ya farga. Ya katse waƙar, ya saci kallonta.

"Yi haƙuri, Leide. Maƙale mini ta yi a kai."

"Ci gaba," ta ce. "Daɗi gare ta haka?"

Wuta ta ba su hannu, ya ja motar.

"Ke matata ce," ya ce da ƙyar.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"To… ya iya. Allah ya isa, amma ya iya."

Zuleide ta gyara zaman akwatin a kan cinyarta, ta janye shi daga inda rana ke dukansa.

"Zai zo gwajin ranar Asabar," ta ce. "Ka sa rigarka mai kyau. Zan haɗa ku."